Baƙon da Muka Manta da Shi: Damagaram da Yawon Buɗe Ido na Ƴan Gida

A farkon watan Satumba na 2024, cikin damanar nan da ambaliyarta ta hallaka fiye da mutum 300 a ƙasarmu, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe. Gini ne na ƙasa da aka yi tun tsakiyar ƙarni na 19, wanda ya ga zamanin sarakunan da suka yi wa garin ganuwa, ya ga shigowar Nasara da fitarsa, ya kuma ga ƴancin kai. Kafin gari ya waye hotunan ɓaraguzansa sun gama wayoyin jama'a daga Difa har Tillaberi, kowa yana jajantawa. Sai dai akwai wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu ba tare da kunya ba: da yawa daga cikin masu wannan jaje, ranar da masallacin ya faɗi ita ce ranar da suka fara ganinsa. Sun san shi a kwance, ba su taɓa saninsa a tsaye ba.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Manufata ita ce in duba yadda muka fahimci yawon buɗe ido a Nijar tun daga ƴancin kai, in kuma nuna cewa an gina shi ne a kan baƙon waje, aka manta da baƙon gida. Na zaɓi Damagaram domin ita ce misalin da ya fi fito da wannan kuskure fili, kuma a can ne gyaransa ya fi sauƙi in an so.

Idon wa ake buɗewa?

Mu fara da kalmar kanta. Ga Bahaushe, «yawo» ba abin yabo ba ne. Mai yawo shi ne wanda ba shi da abin yi. Shi ya sa idan aka ce «yawon buɗe ido», abin da ke zuwa a zuciyar mutumin karkara da na birni shi ne Bature da gajeren wando da abin ɗaukar hoto a wuya, wanda yara ke bi suna kiran «turis». Magidanci mai mutunci yana tafiya fatauci, yana zuwa biki ko ta'aziyya, yana ziyarar malamai da dangi, amma da wuya ka ji ya ce zai tafi Damagaram don kawai ya ga gari. Tun daga sunan da aka ba abin, ke nan, an riga an nuna wa ɗan ƙasa cewa ba da shi ake ba.

Tsarin da aka yi wa harkar ya ƙara tabbatar da haka. Abin da Nijar ta daɗe tana tallatawa shi ne rairayin Tenere, da duwatsun Abzin, da namun dajin gandun W, da raƙuman dawa na Kure. Duk waɗannan dukiya ce ta gaske, kuma hukumar UNESCO ta shaida haka: ta sa Abzin da Tenere cikin jerin kayan gadon duniya a 1991, gandun W a 1996, tsohon garin Agadas kuma a 2013. Amma wanda aka yi wa tallar shi ne mai zuwa daga Turai a lokacin ɗari, mai biya da kuɗin waje, wanda jirgi ke saukewa a Agadas, motoci su kwashe shi zuwa cikin hamada. Takardun talla da faransanci aka rubuta su, farashin masauki da aljihunsa aka auna shi, har labarin wuraren ma da kunnensa aka tsara shi.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Tawayen arewa na 1990 zuwa 1995 ya girgiza harkar, ta ɗan farfaɗo, sai na 2007 zuwa 2009 ya sake durƙusar da ita. An soke tseren motoci na Dakar a 2008, aka ɗauke shi zuwa Kudancin Amurka a 2009. A watan Satumba na 2010 aka sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit. A ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe Faransawa 6 da ƴan Nijar 2 a Kure, wurin da ake ganin ya fi ko'ina sauƙin zuwa daga Yamai. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ya biyo baya suka ƙarasa abin da ya rage. Da raɓar ta bushe, sai masu jagora da maƙera da dukawa da masu masauki suka waiwaya, ba su ga kowa a bayansu ba, domin ba a taɓa renon wani mai zuwa daga cikin gida ba.

Abin da Damagaram ke da shi, da yadda ake ba da labarinsa

Damagaram ba ta da tuddan rairayi irin na Tenere, shi ya sa a wancan tsari ta zama zango kawai, inda matafiyi ke kwana ɗaya kafin ya miƙe arewa. Amma ga ɗan Nijar da ke son ya san yadda aka yi ƙasarsa ta zama ƙasa, da wuya a sami garin da ya fi ta. A nan ne Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa a cikin gari, ya mai da Damagaram babbar mahaɗar ayarin da ke tsakanin Kano da Borno da Tarabulus. A nan ne aka kashe kaftin Kazamaju a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma a Tirmini, yamma da garin, aka gwabza yaƙin Yuli 1899 da ya buɗe wa Faransawa ƙofa. A 1906 Nasara ya tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin ƙulla makirci, ya kore shi daga ƙasar, ba a maido da sarautar ba sai a 1923 da naɗin Barma Mustafa. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar mulkin ƙasar kafin a maida ita Yamai.

Wannan tarihi bai tsaya a cikin littattafai ba, yana nan a jikin gari. Akwai fadar Sarki da zaurukanta, da guntayen ganuwa, da manyan duwatsun da Birni ya jingina da su, da gidajen ƙasa masu zane a goshi, da unguwar Zango inda fatake irin su Malam Yaro suka yi zamaninsu, da majema da dukawan da fatarsu ta yi suna. Tun 2006 Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a matsayin waɗanda take fatan a karɓa nan gaba.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake gabatar da waɗannan wurare. Wanda ya duba littattafan jagora na Turawa zai ga cewa tarihin garin a wurinsu yana farawa ne da zuwan baƙi: ga lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen 1852, ga inda aka binne sojan Faransa, ga barikin da aka gina bisa dutse. Ba laifinsu ba ne, kowa da abin da ke gabansa. Laifinmu ne da muka ɗauki wannan jeri muka haddace, muke maimaita wa ƴaƴanmu. Na taɓa shiga Birni tare da wani ɗan ƙanena da ke karatu a Yamai. Saurayin da ya yi mana jagora yana ganin yaron da littafi a hannu sai ya juya harshe zuwa faransanci, ya dinga zuba shekaru da sunayen kaftin-kaftin. Sai da muka zauna a inuwar wani zaure, wani dattijo ya shiga ba mu labarin ƙofofin gari da Hausa, da wanda ke shiga ta kowace da abin da yake ɗauke da shi, sannan na ga idon yaron ya buɗe. Abin da ya riƙe har yau shi ne na dattijon.

Akwai kuma gefen da ake ɓoyewa. Arzikin Damagaram na ƙarni na 19 bai rabu da hare-hare da cinikin bayi ba, kuma masana tarihi irin su Andire Salifu, wanda ya wallafa littafinsa kan masarautar a 1971, sun yi bayanin wannan zamani. Baƙon waje ana iya sallamarsa da kirari da algaita. Baƙon gida kuwa, wataƙila kakansa yana cikin waɗanda suka kai harin, wataƙila yana cikin waɗanda aka kamo. Shi gaskiya yake bukata, a faɗa masa ita cikin ladabi. Haka kuma garin ba Birni ne kaɗai ba. Fim ɗin da A'isha Maki ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya nuna rayuwar samarin unguwar Kara-Kara, wadda aka daɗe ana mayarwa saniyar ware. Wasu sun ji zafin fim ɗin, suna ganin ya tona asirin gari. Ni a ganina ya yi abin da takardun talla suka kasa: ya sa ƴan ƙasa sun dubi Damagaram a matsayin gari mai rai, da daɗinsa da ɗacinsa.

Ƴan Nijar ba su ƙi tafiya ba

Sau da yawa akan ji magabata suna cewa mutanenmu ba su da al'adar fita ganin ƙasa. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba. A 1975 aka fara gasar kokowar gargajiya ta ƙasa a Tawa, kuma a yanzu duk lokacin da aka buɗe fage jihohi 8 suna aiko da ƴan kokowa goma-goma, mutum 80 ke nan, kuma bayansu akwai makaɗa da ƴan kasuwa da dubban magoya baya masu biyan kuɗin mota da aljihunsu domin su ga wanda zai ɗauki takobi. Garin da ya karɓi baƙuncin gasar yana cika har ya batse, mai tuwo ta sayar, mai kabu-kabu ya samu, mai ɗakin haya ya samu. A lokacin Mauludi jama'a suna ɗunguma zuwa Kiyota daga sassa daban-daban. A ranakun salla gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana cika maƙil da yara da iyayensu. A Damagaram kanta hawan salla da hawan ƙaho da wasan kara suna tara jama'a ba tare da wata takardar talla ba.

Duk wannan yawon buɗe ido ne na ƴan gida, illa dai ba a kiransa da wannan suna, saboda haka ba a lissafa shi, ba a kuma yi masa tanadi. Mutumin Maraɗi da ya zo kallon kokowa a filin Langa-Langa yana iya yin kwana goma a Damagaram, ya koma gida bai taka Birni ba, domin babu wanda ya ce masa akwai abin gani, babu allo da harshensa, babu mai jagora da ke jiransa. Jama'ar suna zuwa, wuraren suna nan, abin da babu shi ne hanyar da za ta haɗa su.

Darasin Zinder Sabuwa

Gwamnatoci sun yi wani yunƙuri da ya cancanci a ambata, wato kewayawa da bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba daga jaha zuwa jaha. Damagaram ta karɓe shi a 2006, ta sake karɓa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa, shekarar da Jamhuriya ta cika 60. An yi tituna, an gyara filin jirgin sama, an yi gine-gine, kuma ba mai musun cewa fuskar gari ta canza. Tunanin kai ƴan ƙasa su ga wata jaha tunani ne mai kyau.

Sai dai sunan kansa ya faɗi inda aka sa gaba. An nemi sabuwar Damagaram, alhali abin da babu irinsa a wani wuri shi ne tsohuwar. Titi mai kwalta da dandalin fareti kowane gari yana iya samu in akwai kuɗi, amma Birni ɗaya ne. Biki na mako ɗaya yana kawo manyan baƙi cikin jerin motoci, su yi kallo daga rumfa, su koma. Ginin ƙasa kuwa ba ya rayuwa da biki. Yaɓe yake so kafin kowace damana, da gyaran indararo, da magini wanda ya gaji sana'ar. Wannan aiki ne marar armashi, ba a yanka masa kirtani, ba a gayyatar ƴan jarida. Shekara 6 bayan Zinder Sabuwa, masallacin Birni ya faɗi. Ruwan 2024 ya wuce misali, gaskiya ne, kuma ba na ɗora wa wani mutum ɗaya alhaki. Amma rigakafi ya fi magani, kuma gini yakan sami mai kula da shi ne gwargwadon yawan idanun da ke kansa.

Matsalolin da ba a iya tsallakewa

Mai karatu zai ce: mutumin da ke neman na cefane ina shi ina buɗe ido? Wannan tambaya ce ta gaskiya. Yawancin ƴan ƙasar manoma ne da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i, kuma daga Yamai zuwa Damagaram tafiya ce ta kusan kilomita 900, yini guda cur a cikin kar. Rashin tsaro a wasu hanyoyi da yawan shingayen bincike suna sa mai iyali ya yi tunani sau biyu. Manyan masaukai an yi su ne domin ma'aikatan da ofis ke biya wa kuɗin kwana da mahalarta tarurruka, farashinsu ya fi ƙarfin malamin lakwal da matarsa da ƴaƴa huɗu. Ga kuma matsalar ruwan sha da Damagaram ta daɗe tana fama da ita, musamman a lokacin bazara. Garin da mazaunansa ke bin layi da jarka ba a cika masa baki da gayyatar baƙi.

Akwai kuma ƙorafin masu sana'ar kansu, cewa baƙon gida ba ya kashe kuɗi: wurin dangi yake sauka, tuwon gida yake ci, in an ce ya biya kuɗin shiga sai ya ce ai kayan kakanninsa ne. Akwai gaskiya a ciki. Turis ɗaya yana iya barin abin da ƴan gida ashirin ba za su bari ba. Amma ƴan gida ba sa jiran izinin ofishin jakadanci kafin su zo, ba sa gudu don an yi juyin mulki, kuma kuɗinsu, ko da jika-jika ne, yana faɗawa kai tsaye a hannun mai kilishi da baduku da mai ɗan sahu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, wanda ya ga wuri da idonsa yana jin ciwonsa. Baƙon waje yana ɗaukar hoto ya tafi. Ɗan ƙasa shi ne zai tambayi magajin gari dalilin da ya sa bango ya tsage.

Matsala ta ƙarshe ta shafi mazauna Birni. Unguwa ce da mutane ke rayuwa a cikinta, da matan aure da tsofaffi da almajirai. Mai gidan ƙasa da ya rushe shi ya yi na siminti ba maƙiyin tarihi ba ne. Ya gaji ne da yaɓe duk shekara da fargabar damana. Ba daidai ba ne a ce masa ya zauna cikin wahala don wasu su zo kallo. In ana son ya riƙe gidan kakansa, wajibi ne ya ga amfanin riƙewar a aljihunsa, a kuma kiyaye masa sirrin iyalinsa.

Abin da za a iya yi

Ba sai an jira tallafin waje ba. Na farko shi ne harshe. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In wannan mataki zai wuce takarda, to ga wurin gwada shi: kowace ƙofa, kowane tsohon gida, kowane kaya a gidan tarihin jaha ya sami bayani da Hausa, da boko da ajami, tare da sauran harsunan ƙasa da faransanci. Wanda bai iya karatu ba kuma a tanadar masa bayanin murya da zai saurara a wayarsa.

Na biyu shi ne makaranta. Yaron Mirya ko Magarya ko Matameye ba ya bukatar tafiyar kilomita 900. Sa'a ɗaya ko biyu ta ishe shi. Da a ce kowane ɗalibin jahar yana shiga Birni sau ɗaya kafin ya gama firamare, da cikin shekara goma an sami al'ummar da ta san abin da take da shi. Ɗaliban Jami'ar Andire Salifu suna iya zama masu jagora, su zauna da dattawa da makaɗan fada su naɗi abin da ke bakinsu tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Na uku shi ne a bi jama'a inda suka riga suka taru. Duk lokacin kokowa ko hawan salla ko wasan kara, a shirya zagayen gari mai rahusa, a haɗa da kamfanonin kar da suka riga suka game ƙasar da hanyoyinsu. A ƙarfafa wa masu tsofaffin gidaje su buɗe ɗakunan baƙi masu tsabta da sauƙin kuɗi, a kuma ware wani kaso na kuɗin shiga domin asusun yaɓe da mazauna unguwa za su riƙe da kansu, kowa ya ga inda dala ta shiga. Kada kuma a manta da ƴan uwa na Kano da Katsina da Daura, waɗanda tarihinsu ya sarƙe da na Damagaram ta fatauci da aure da yaƙi. Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma mutanenta ba sa bukatar tafinta.

Kammalawa

Ba ina cewa a rufe ƙofa ga baƙon waje ba. In ya dawo, maraba da shi, shimfiɗa tana nan. Amma da ɗan gari akan ci gari. Mun shafe shekaru muna share tsakar gida domin wanda zai zo daga nesa, muka bar ƴaƴanmu a waje ba su san fasalin ɗakin kakansu ba. Ana iya tayar da sabon gini inda tsohon masallaci ya tsaya, amma hannuwan da suka dunƙula tubalinsa na farko sun riga mu gidan gaskiya. Fada tana nan, guntayen ganuwa suna nan, gidajen Zango da na Birni da suka rage suna nan, kuma damana tana dawowa kowace shekara. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya ɗauki ƴaƴansa ya je ya gan su tun suna tsaye.